Ra'o'in Shugabanci a Ma'aikatu da Yadda Shugaba Zai Auna Salonsa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya daɗe yana aiki a makaranta, ko asibiti, ko kamfani, ko ofishin gwamnati, ya san cewa wuraren aiki biyu suna iya samun kuɗi daidai wa daida da ma'aikata masu takardun shaida iri ɗaya, amma ɗaya ya bunƙasa, ɗaya kuwa ya durƙushe. In aka tambayi jama'a dalili, amsar da takan fara fitowa ita ce shugabanci. To, amma da zarar an ce a fayyace abin da ke cikin shugabancin wanda ya haddasa wannan bambanci, sai baki ya rabu.

Manufar wannan maƙala biyu ce. Da farko za mu yi bitar manyan ra'o'in da masana suka kawo game da shugabanci a ma'aikatu, tare da nuna inda kowanne ya yi ƙarfi da inda ya gaza. Sa'an nan za mu duba yadda mai riƙe da ragamar wata ma'aikata zai yi amfani da su wajen auna salonsa. Abin da muke son tabbatarwa shi ne, kowane ra'i yana ɗauke da wata tambaya da ya kamata shugaba ya yi wa kansa, amma mafi yawan amsoshin suna hannun waɗanda yake shugabanta. A nan za mu riƙa kiran su mabiya, watau dukan waɗanda ke aiki a ƙarƙashin wani.

2.0 Muƙami da Shugabanci

Kafin mu shiga cikin ra'o'in, ya kyautu mu bambance muƙami da shugabanci. Muƙami takarda ce ke ba da shi, kuma takarda ce ke karɓe shi. Shugabanci kuwa tasiri ne da mutum yake yi a kan wasu har su haɗa ƙarfi su cim ma wata manufa. Masanin zamantakewar nan na Jamus, Max Weber, wanda ya rasu a 1920, ya nuna cewa mutane sukan yi biyayya bisa ɗaya daga cikin dalilai uku: gado da al'ada, ko kwarjinin shi kansa shugaban, ko kuwa doka da ƙa'idar ofis. A 1959 kuma John French da Bertram Raven suka kasa ikon shugaba gida biyar: ikon muƙami, da ikon ba da lada, da ikon hukuntawa, da ikon gwaninta, da ikon farin jini. Ukun farko suna zuwa tare da kujera, kuma ranar da aka bar kujerar suke tafiya. Biyun ƙarshe su ne mutum yake nema da guminsa. Saboda haka tambayar farko ga kowane shugaba ita ce: in da za a ɗauke masa ikon sa hannu a takardar ƙarin girma da ta gargaɗi, mutum nawa ne za su ci gaba da neman shawararsa?

3.0 Manyan Ra'o'i

3.1 Ra'in Halaye

Wannan shi ne mafi daɗewa. Masu wannan ra'i suna ganin akwai wasu halaye da ake haihuwar mutum da su, waɗanda ke ɗaga shi sama da sauran jama'a. Marubucin Birtaniya Thomas Carlyle, a laccocin da ya yi a 1840, ya ɗauki tarihin duniya a matsayin aikin wasu ƙalilan gwarzaye. Daga baya masana halayyar ɗan Adam suka shiga gwaje-gwaje, suna auna tsawo, da kaifin basira, da fasahar magana, da ƙarfin zuciya, don gano abin da ya raba shugaba da mabiyi.

A 1948 Ralph Stogdill ya tattara bincike 124 irin waɗannan ya yi musu nazari. Abin da ya gano shi ne, ko da yake wasu halaye kamar basira da riƙon alkawari sukan yawaita ga shugabanni, babu wani jerin halaye guda da ke tabbatar wa mutum nasara a ko'ina. Wanda ya yi fice a bariki yana iya kasawa a makaranta. Wannan nazari ya rage wa ra'in ƙarfi ƙwarai, ko da yake bai kashe shi ba, domin binciken da ya biyo baya ya nuna lalle hali yana da rabonsa.

Abin lura shi ne, tunanin Bahaushe game da mutum nagari ya yi kusa da wannan ra'i. A 1974 A. H. M. Kirk-Greene ya jera siffofi goma na mutumin kirki a wurin Hausawa: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Ba mai musun cewa shugaba yana bukatarsu. Sai dai dukanmu mun san mutanen kirki waɗanda aka ba ofis ya gagare su. Kunya, alal misali, ado ce a zaman tare, amma tana iya hana shugaban sashe ya gaya wa wanda ya girme shi cewa aikinsa bai yi kyau ba.

3.2 Ra'in Salo

Da ra'in halaye ya raunana, sai masana suka koma ga abin da shugaba yake aikatawa. A 1939 Kurt Lewin da Ronald Lippitt da Ralph White suka buga sakamakon wani gwaji da suka yi a Jami'ar Iowa ta Amurka. Sun kasa yara maza 'yan kimanin shekara goma ƙungiya-ƙungiya suna aikin hannu, aka sa musu manya waɗanda aka horar su nuna salo uku: na kama-karya, da na shawara, da na sakaci, inda shugaba ke zuba ido kowa ya yi abin da ya ga dama. A ƙarƙashin mai kama-karya an yi aiki da yawa muddin yana tsaye, amma da ya fita daga ɗakin sai aiki ya ja baya. Yaran kuma ko dai su yi ta faɗa da juna, ko su yi sanyi kamar an zare musu laka. A ƙarƙashin mai shawara aiki ya ci gaba ko yana nan ko ba ya nan. Salon sakaci shi ya fi kowanne ƙarancin amfani. Tun da yaran nan ɗaya ne ake sauya musu shugaba, ya tabbata cewa salon ne ke sauya ɗabi'arsu.

Daga ƙarshen shekarun 1940 manazarta a Jami'ar Jihar Ohio suka gano cewa ayyukan shugaba sun kasu gida biyu: kula da mutane, watau sauraro da girmamawa da tausayi, da kuma tsara aiki, watau raba ayyuka da sa wa'adi da bin diddigi. Muhimmin abu a nan shi ne, mabiya aka ba takardun tambayoyi su siffanta shugabanninsu. A 1964 Robert Blake da Jane Mouton suka mayar da wannan jadawali mai ma'auni biyu, kowanne daga 1 zuwa 9. Mai 9 a aiki da 1 a mutane shi ne wanda ba ya tambayar lafiyar kowa sai fayil. Mai 1 a aiki da 9 a mutane shi ne wanda kowa ke yabon kirkinsa alhali aiki na kwance. Su dai a ganinsu 9 da 9 shi ne abin nema.

Douglas McGregor kuwa, a 1960, ya kai maganar ga tushenta, watau zaton da shugaba yake yi wa mutane. Wanda ya ɗauka cewa ɗan Adam malalaci ne, sai an tsaya a kansa, zai cika ofis da rajista da barazana. Wannan shi ya kira Ra'in X. Wanda ya ɗauka cewa mutum yana son aiki in ya ga ma'anarsa, zai ba shi sarari. Wannan shi ne Ra'in Y. Hatsarin Ra'in X shi ne yakan gaskata kansa: wanda aka hana yanke ko da ƙaramar shawara, a kwana a tashi zai daina tunani, shugaba kuma ya ce ai dama ya faɗa.

3.3 Ra'in Yanayi

Gazawar ra'in salo ita ce neman salo guda da zai dace da ko'ina. Hausawa kuwa sun ce sarki goma zamani goma. A 1967 Fred Fiedler ya kawo ra'in da ya haɗa salo da yanayi. Yakan sa shugaba ya tuno mutumin da ya fi shan wuyar aiki da shi a rayuwarsa, sa'an nan ya siffanta shi. Wanda ya iya ganin alheri ga irin wannan mutum, dangantaka ce a gabansa. Wanda ya yi masa kudin goro ya kushe shi, aiki ne a gabansa. Sa'an nan ya auna yanayi da abu uku: kyawun dangantakar shugaba da mabiya, da yadda aikin yake a fayyace, da ƙarfin ikon kujerar. Ya sami cewa mai sa aiki gaba ya fi yin nasara in yanayi ya yi kyau ƙwarai ko ya yi muni ƙwarai, mai sa dangantaka gaba kuwa ya fi dacewa da tsaka-tsaki. Fiedler yana ganin salo yana da wuyar sauyawa, don haka gara a kai mutum inda ya dace da shi.

Paul Hersey da Kenneth Blanchard, a 1969, sun saɓa masa. A wurinsu shugaba ne zai riƙa sauya salo gwargwadon ƙwarewar mabiyi da himmarsa, daga umurni, zuwa lallashi da bayani, zuwa shawara, har zuwa wakiltawa. Sabon malamin da ya fito daga kwaleji yana bukatar hedimasta ya zauna da shi a kan tsarin darasi. Wanda ya shekara ashirin yana koyarwa kuwa, in aka yi masa haka, cin fuska ne. Wannan ra'i ya sami karɓuwa sosai a kwasa-kwasan horar da manajoji, ko da yake gwaje-gwajen da aka yi masa ba su ba shi cikakken goyon baya ba.

3.4 Ra'in Musaya da na Sauyi

A 1978 James MacGregor Burns ya bambance shugabanci iri biyu. Na farko musaya ce: ka yi aiki a ba ka albashi da ƙarin girma, ka ƙi a hukunta ka. Na biyu shi ne wanda shugaba da mabiya ke ɗaga juna zuwa ga wata manufa da ta wuce bukatar kowannensu. Bernard Bass ya faɗaɗa wannan a 1985, aka kuma tsayar da alamominsa huɗu: zama abin koyi, da cusa himma, da zaburar da tunani, da kula da kowane mabiyi a kan kansa. Kafin su, a 1970, Robert Greenleaf ya kawo ra'in shugaba mai hidima, inda ya ce a auna shugaba da irin ci gaban da mabiyansa suka samu a hannunsa. Sukar da ake yi wa waɗannan ra'o'i ita ce, kwarjini wuƙa ce mai kaifi biyu, domin mai iya zaburar da jama'a zuwa ga alheri yana iya zaburar da su zuwa ga halaka. Bugu da ƙari, ma'aikatar da ba ta biyan haƙƙi a kan lokaci, watau wadda ko musayar ba ta cika ba, jawabin shugaba ba zai ɗaga ta ba.

4.0 Matsalar Auna Kai

In aka karanta wa taron shugabanni waɗannan ra'o'i, aka ce kowa ya zaɓi nasa, da wuya a sami wanda zai ce shi mai kama-karya ne. Kusan kowa zai ce shi mai shawara ne, ƙofarsa kuma a buɗe take. Wannan ba lalle ne ya zama ƙarya da gangan ba. A 1974 Chris Argyris da Donald Schön sun nuna cewa kowane mutum yana da ra'i biyu game da aikinsa: wanda yake furtawa in an tambaye shi, da wanda ayyukansa ke bi a zahiri, kuma sau da yawa shi kansa bai san sun saɓa ba. Shugaba yana iya kiran taro da niyyar shawara, amma ya fara faɗin ra'ayinsa, ya katse wanda ya saɓa masa, ya rufe taro yana mai imani cewa an yi shawara.

Tun a 1955 Joseph Luft da Harrington Ingham suka kwatanta sanin kai da taga mai gida huɗu: abin da mutum ya sani game da kansa wasu ma suka sani, da abin da ya sani ya ɓoye, da abin da wasu suka sani shi bai sani ba, da abin da ba wanda ya sani. Gida na uku shi ne wanda ya shafe mu. Wani nazari da Michael Harris da John Schaubroeck suka buga a 1988, wanda ya tattara bincike masu yawa, ya nuna cewa makin da abokan aikin mutum da na gaba da shi suke ba shi ya fi dacewa da juna, fiye da yadda kowannensu ya dace da makin da mutumin ya ba kansa. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani.

5.0 Tazara Tsakanin Babba da Ƙarami

In kuwa amsar tana hannun mabiya, sai a tambaya: za su faɗa? Kusan dukan ra'o'in da muka kawo a Amurka aka gina su, kuma Geert Hofstede na ƙasar Holan ya ja hankali a 1980 cewa ba lalle ne su yi aiki a ko'ina yadda suke ba. Ya yi nazarin takardun tambayoyi fiye da 100,000 da ma'aikatan kamfanin IBM suka cika tsakanin 1967 da 1973, ya fitar da wani ma'auni na tazarar iko. Ɗaya daga cikin tambayoyin da aka gina ma'aunin a kansu ita ce yawan yadda ma'aikata ke jin tsoron nuna saɓani da manajansu. Amurka ta sami maki 40, yankin Afirka ta Yamma kuwa, wanda ya haɗa Nijeriya da Gana da Saliyo, ya sami 77. An soki wannan bincike cewa ma'aikatan kamfani guda ba za su wakilci al'umma ba, kuma sukar tana da hujja. Duk da haka wanda ya san ofisoshinmu ya san yadda “ranka ya daɗe” da “yadda ka ce, Yallaɓai” ke cika ɗakin taro, gunaguni kuma sai an fita.

Wannan matsala ba baƙuwa ba ce ga magabatanmu. A ƙarshen ƙarni na 15 Shaihu Muhammadu al-Maghili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, wata risala a kan wajiban masu mulki, inda ya yi ta nanata gargaɗi game da sarki ya killace kansa daga talakawansa. Karin maganar nan da ke cewa ba a mugun sarki sai mugun bafade ana yawan kawo ta don wanke shugaba, amma in aka duba da kyau tuhuma ce, gama shugaba shi ke zaɓen wanda zai saurara. Girmamawa abu ne mai kyau, ba kuma muna kiran a zubar da ita ba. Abin da muke cewa shi ne, inda tazara ta yi faɗi, shirun mabiya ba ya zama shaidar gamsuwarsu.

6.0 Hanyoyin Auna Salo

Bisa ga abin da ya gabata, muna ba da shawarar hanyoyi biyar waɗanda suka dogara ga abin da ake iya gani da ƙirgawa.

Ta farko ita ce rajistar shawarwari. A 1958 Robert Tannenbaum da Warren Schmidt sun jera matakai bakwai, daga inda shugaba ke yanke hukunci shi kaɗai ya sanar, har zuwa inda yake barin mabiya su yanke a cikin iyakar da aka shata. Shugaba ya rubuta duk shawarar da aka yanke a ofishinsa har wata guda, da matakin da kowace ta faɗa. In talatin daga cikin arba'in sun taru a matakin farko, ya san sunan salonsa ko da me yake kiran sa a da.

Ta biyu ita ce gwajin rashi, wanda muka aro daga Lewin. In shugaba ya tafi hutu ko taro na mako biyu, me yakan tarar? In fayiloli sun taru suna jiran sa hannunsa, har da na sayen alli da takarda, to ya tattare iko a hannunsa fiye da kima.

Ta uku ita ce gwajin mummunan labari. A 1996 Amy Edmondson ta buga wani bincike da ta yi a wasu sassan asibiti a Amurka, inda ta tarar cewa sassan da suka fi kyawun jagoranci su ne suka fi yawan rahoton kuskuren ba da magani. Da ta bi diddigi sai ta ga alamar cewa a can ne ma'aikatan jinya ba sa tsoron faɗin kuskure, a sauran kuwa ana binne shi. Saboda haka shugaba ya tambayi kansa: yaushe rabon da wani na ƙasa ya kawo masa labarin ɓarna tun kafin ta fito fili, kuma me ya sami wanda ya kawo?

Ta huɗu ita ce takardar tambayoyi marar suna. A ba mabiya tambayoyi a kan ayyuka takamaimai, kamar ko shugaba yakan saurari magana har ƙarshe, ko yakan bayyana dalilin hukuncinsa, ko yakan tsawata wa mutum a gaban jama'a. Shi ma ya cika irin takardar game da kansa. Wani amintacce daga wajen sashen shi zai tattara, domin a ƙaramin ofis ana gane rubutun hannu. Inda amsarsa ta fi nisa da tasu, nan ne aikin gyara yake.

Ta biyar ita ce duban magada. A cikin waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinsa shekara biyar, nawa ne suka ƙaru har za su iya riƙe kujerarsa gobe, nawa ne kuma masu hazaƙa suka nemi canjin wurin aiki?

Akwai gargaɗi guda. A 1996 Avraham Kluger da Angelo DeNisi sun tattara ɗaruruwan gwaje-gwaje a kan gaya wa mutum sakamakon aikinsa, suka tarar cewa a fiye da kashi ɗaya cikin uku aikin lalacewa ya ƙara yi, musamman in maganar ta karkata ga mutumin kansa ta bar aikin. Don haka a tsayar da tambayoyi a kan abin da shugaba ke yi, a bar zancen ko shi wane irin mutum ne. Shi kuma ya zaɓi abu ɗaya ko biyu ya gyara, ya sanar da mabiya. In kuwa ya shiga farautar wanda ya rubuta kaza, ya rufe wannan ƙofa ke nan, shi da jin gaskiya sai bayan ya sauka.

7.0 Kammalawa

A wannan maƙala mun bi ra'o'in shugabanci daga halaye zuwa salo, daga salo zuwa yanayi, daga nan zuwa dangantakar shugaba da mabiya. Mun ga cewa babu ɗaya daga cikinsu da ya wadatar shi kaɗai, amma kowanne ya bar mana ma'aunin da za a iya amfani da shi. Mun kuma nuna cewa shaidar da mutum ke yi wa kansa ita ce mafi rauni, kuma a inda ake jin nauyin babba, sai shugaba ya yi aiki tuƙuru kafin gaskiya ta iso teburinsa.

Muna kira ga cibiyoyin horar da ma'aikata da sassan koyar da harkokin mulki a jami'o'inmu su shirya irin waɗannan takardun tambayoyi da Hausa, su gwada su a makarantu da asibitoci da ƙananan hukumomi, domin masinja da direba da leburan da ba su jin Turanci su ma suna da abin faɗa game da wanda ke shugabantarsu. Ga shugabanni kuwa, muna tunatar da su cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Wanda ya nemi jin aibinsa tun yana kan kujera yana da damar gyarawa. Wanda ya jira sai ranar walimar ban kwana, yabo kaɗai zai ji, ma'aikatar kuma ita za ta biya kuɗin abin da aka ɓoye masa.